Littafi a Hannu, Ido a Sama: Yadda Za Ka Zaɓi Littattafan Kallon Taurari da na Binciken Duniyoyi

Littafin farko da na mallaka a kan sararin samaniya babba ne, mai nauyi, takardarsa sai ƙyalli take yi, kowane shafi da hoto mai ɗaukar ido. Na yi wata da watanni ina jujjuya shi. Na haddace cewa Jupita ta ninka duniyarmu sau 11 a faɗi, na san tana juyawa a kan kanta cikin ƙasa da awa 10, na san jan tabon nan da ke jikinta guguwa ce. Sai wani dare ƙanena ya nuna wata tauraruwa mai haske can sama, ya ce, "Yaya, waccan fa, mene ne sunanta?" Na yi shiru. Bayan kwana biyu na gano Jupita ce, ita dai wadda na cika kaina da labarinta. Abin ya daɗe yana damuna, kuma shi ne ya sa na fahimci cewa littattafan wannan fanni gida biyu ne, kuma ɗaya ba ya yin aikin ɗaya.

Gida na farko shi ne littattafan da ake fita da su waje, masu koya maka gano abin da ke saman kanka da idonka. Na biyu kuma su ne na zaman ɗaki, masu ba da labarin abin da kumbuna suka gano a Mars da Zuhal, wato Saturn, da sauran duniyoyi. Na farkon ba sa saurin tsufa. Na biyun kuwa shekara goma ta isa ta mai da rabin abin da ke cikinsu tsohon labari. Idan littafi ɗaya kaɗai za ka iya samu yanzu, ɗauki na gida na farko. Na biyun zai fi yi maka daɗi bayan ka san inda duniyar da ake magana a kanta take a sama.

Kafin komai, ware littattafan da ke danganta buruji da sa'ar mutum ko halinsa. Sunayen taurarin ɗaya ne, hoton bangon ma yakan yi kama, amma ba za su koya maka gano ko tauraro ɗaya ba. Ilimin falaki muke nema, na awo da lissafi da gani da ido.

Littafin fita waje

Idan ka ɗauki irin wannan littafi, kada ka fara da gabatarwa. Buɗe taswirorin sama kai tsaye, domin su ne kan maganar. Abu na farko da za ka nema shi ne don mutanen wane yanki na duniya aka zana su. Mafi yawan littattafan da ke yawo a hannun mutane an yi su ne don masu zama tsakanin digiri 40 zuwa 50 arewa da layin ikwaita, wato Turai da Arewacin Amurka. Sama tana sauya kama gwargwadon inda mutum yake tsaye. Tauraruwar Arewa, wadda ake kira Polaris, tsayinta daga doron ƙasa daidai yake da digirin wurinka: wanda ke digiri 50 yana ganinta can sama, wanda ke digiri 10 yana ganinta ƙasa-ƙasa dab da rufin gidaje, wanda ke kudu da ikwaita ba ya ganinta sam. Haka kuma akwai taurarin kudu masu kyau da taswirar Turai ba za ta nuna maka ba ko kaɗan, irin su Suhail, wato Canopus, tauraro na biyu a haske a duk sararin dare. Na yi makonni ina neman sunan wani tauraro mai walƙiya a kudu, littafina bai san da zamansa ba. Saboda haka duba digirin wurinka a waya, ka riƙe lambar a kai, sannan ka nemi littafin da ke da taswirorin da suka yi kusa da ita, ko wanda ya kawo na arewa da na kudu duka.

Abu na biyu, taswirorin su zama na wata-wata, kowane da lokacin da aka zana shi dominsa, misali ƙarfe 9 na dare a tsakiyar Janairu. Dalili shi ne taurari suna fitowa da wuri da kusan minti 4 a kowane dare, wato awa 2 a wata. Saman da ka gani ƙarfe 11 na dare a wannan wata, ita za ka gani ƙarfe 9 a wata mai zuwa. Da zarar wannan lissafi ya zauna maka, taswira goma sha biyu sun ishe ka kowane dare da kowace awa. Akwai kuma faifan taurari mai juyawa, wanda ake daidaita kwanan wata da awa a gefensa sai ya nuna saman wannan lokaci. Yana da kyau ƙwarai, amma shi ma kowanne da digirin da aka yi shi dominsa, an rubuta a jikinsa.

Na uku, kuma nan ne nake gane marubucin da ya taɓa kwana a waje da wanda ya tattaro bayanai a ofis: me ya sa a matsayin hoton abin da za ka gani? Idan ya kawo maka hoton gajimaren Orion, wato tarin iskar gas da ƙura da ke cikin gungun taurarin Orion, mai ja da shuɗi kamar zanen atamfa, ba tare da ya gaya maka cewa kyamara ce ta tara hasken na dogon lokaci ba, to zai sa ka raina abin da idonka zai gani. Idon ɗan Adam ba ya ganin launi a cikin haske mai rauni. A na'urarka ta hangen nesa gajimaren zai fito toka-toka, kamar hayaƙi mai fikafikai. Littafin kirki yana sa zanen fensir na abin da ido ke gani, ko ya faɗa maka gaskiya da baki. Ni wannan gaskiyar na fi nema a littafi fiye da kyan takarda.

Sai ƙananan abubuwa. Littafin ya zama wanda zai buɗu ya kwanta ba sai ka danne shi ba, mai ɗaurin waya ya fi. Takardarsa ta iya jure raɓa. Rubutun taswirar kada ya zama ja, don a ƙarƙashin jar fitila ɓacewa zai yi. Tsohon bugu ba laifi ba ne a nan. Gungun taurari 88 da ake amfani da su an tsayar da iyakokinsu tun 1930, kuma taurari ba sa gusawa yadda ido zai lura a tsawon rayuwar mutum. Taswirar da aka buga shekara arba'in da suka wuce za ta yi maka aiki a daren yau.

Yadda ake aiki da shi

Karatun da rana ake yi. Zaɓi abu uku kacal da za ka nema a daren, ka sa alama a shafukansu. Wanda ya fita da niyyar gano komai, yakan dawo bai gano komai ba. Da dare nemi wurin da fitila ba ta haska maka ido kai tsaye, ka zauna minti 20 zuwa 30 ba tare da ka kalli waya ba. Ido yana buƙatar wannan lokacin kafin ya saba da duhu, kuma haske fari na daƙiƙa kaɗan ya isa ya rusa sabon. Rufe bakin tocila da jar leda ko jan ƙyalle, da ita za ka riƙa duba shafi.

Za ka ga a taswirar sama gabas tana hagu, yamma tana dama, saɓanin taswirar ƙasa. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. An yi ta ne don a ɗaga ta sama da kai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya littafin yadda sunan ɓangaren da kake fuskanta zai dawo ƙasan shafi: kana kallon kudu, kalmar kudu ta kasance wajen cikinka.

Littafin zai riƙa cewa tauraro kaza yana digiri 20 daga tauraro kaza. Ma'auninka yana jikinka. Miƙe hannu sosai: dunƙulen hannu ya kai kusan digiri 10, faɗin ɗan ƙaramin yatsa kusan digiri 1. Cikakken wata rabin digiri ne kawai, yatsan nan zai rufe shi har ya yi saura. Gwada ka gani, yana ba mutane mamaki. Sai lambobin haske, waɗanda ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. Tauraro mai lamba 1 ya fi mai lamba 6 haske sau 100, kuma 6 ita ce kusan iyakar ido a wuri mai duhu sosai. Waɗanda suka fi haske sai lambarsu ta gangara ƙasa da sifiri. Shi'ira, wato Sirius, tana wajen -1.5, Zara kuwa, wato duniyar Venus, takan wuce -4.

In za ka ji shawarata, fara da Orion, wanda littattafan Larabci ke kira Jauza'u. Yana kan ikwaitar sama, wato daidai saman layin ikwaita na duniya, don haka kusan duk inda mutane ke zaune a duniya ana ganinsa, kuma daga Disamba zuwa Maris yana nan da farkon dare. Taurari uku a jere, tsakaninsu daidai wa daida, ba ka iya ɓata su. Bi layinsu ta gefe ɗaya ka faɗa kan Shi'ira. Bi ta ɗaya gefen ka sami jan tauraron nan Aldebaran, ka ƙara gaba ka iske Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya. Ka ga daga abu ɗaya ka sami huɗu. Haka ake koyon sama, daga wanda ka sani zuwa maƙwabcinsa, kuma littafin da ya san aikinsa a kan wannan tsari yake tafiya.

Wani abu da ya ƙara min son waɗannan littattafai shi ne sunayen. Rigel daga rijlu ne, ƙafa. Deneb daga zanabu, wutsiya. Altair daga aɗ-ɗa'ir, mai tashi. Duk wanda ya ɗan taɓa Larabci zai ji kamar ya haɗu da 'yan'uwa a baƙon gari. Wajen shekara ta 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa na surorin taurari, a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare a gungun Andromeda. Shi ne tarin taurarin da a yau muka san yana nesa da mu da tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. A dare mai duhu, daga Oktoba zuwa Disamba, za ka gan shi da ido tsirara kamar yadda al-Sufi ya gani.

Duniyoyi ba sa cikin taswira

Wannan yana rikita kusan kowa da farko. Ka ga abu mai haske a sama, ka duba taswira babu shi. To mai yiwuwa duniya ce. Duniyoyi suna tafiya a tsakanin taurari, don haka ba a iya buga su a taswirar dindindin. Suna bin hanya ɗaya ce, wadda rana da wata ke bi ta cikin buruji, kuma taswira takan nuna hanyar da ɗigo-ɗigon layi. Alama ta biyu, haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar na taurari. Jupita tana ɗaukar shekara 12 kafin ta kewaye rana, wato kusan buruji ɗaya a shekara. Zuhal shekara 29 da rabi. Zara ba ta taɓa yin nisa da rana fiye da kusan digiri 47, shi ya sa ko dai ka gan ta a yamma bayan faɗuwar rana, ko a gabas da asuba inda muke kiranta Gamzaki, amma ba za ka same ta a tsakiyar sama da tsakar dare ba.

Wasu littattafan suna da jadawalin wuraren duniyoyi a baya, na shekara biyar ko goma. Duba ko bai ƙare ba. In ya ƙare, akwai ƙananan littattafai na shekara-shekara da ke kawo wannan da ranakun husufi, ko ka sauke manhajar Stellarium, kyauta ce. Sai dai ka duba ta a ɗaki kafin ka fita, ka ɗiga wurin duniyar da fensir a taswirarka. Wanda ya saba ɗaga waya sama tana faɗa masa suna, shekara biyu zai yi bai san sama ba.

Madubin hangen nesa

Kada ka sayi na'ura kafin littafi, kuma kada ka sayi babba kafin ƙarama. Madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 7x50 ko 10x50, ya isa shekara guda ta aiki. Lambar farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Da shi za ka ga ramukan wata, ka ga Surayya ta tashi daga taurari shida ko bakwai zuwa gommai, ka ga watannin Jupita kamar ƙananan ɗigo a gefenta. Akwai littattafan da aka rubuta musamman don irin wannan madubi, kuma suna cikin mafi amfani da na taɓa riƙewa.

A nan ne taswirar wata take shigowa. Littafin zai gaya maka, in na kirki ne, cewa daren sha huɗu shi ne mafi muni don kallon wata, domin rana tana haska shi kai tsaye, babu inuwa. Kalle shi yana kwana bakwai ko takwas, ka bi layin da ya raba haske da duhu. A nan duwatsu ke miƙa inuwa, ramuka su fito zuru-zuru. Kowane dare layin yana matsawa ya buɗe sabon yanki. Ramin Copernicus, mai faɗin kilomita 93, yana fitowa wajen kwana tara zuwa goma. Baƙin filin da kumbon Apollo 11 ya sauka a Yulin 1969 kuwa ko da ido kana ganinsa.

In lokacin babbar na'ura ya yi, karanta babin da littafinka ya yi a kanta kafin ka kashe ko sisi. Ga ma'aunin gane babin kirki: zai ce maka faɗin bakin na'ura shi ne abin dubawa, ba yawan kusantowar da aka rubuta a kwali ba. Kusantowa mai amfani ba ta wuce kusan ninki biyu na faɗin baki a milimita, wato na'ura mai baki 70 iyakarta wajen sau 140, ko da kwalin ya ce 500. Zai kuma ja kunnenka a kan ƙafafun da na'urar ke tsaye a kai, don mai rawa ba ta da amfani komai kyan gilashinta. Zoben Zuhal yana fara bayyana tun daga sau 30 zuwa 40. Sannan kada ka taɓa duban rana da madubi ko na'ura ba tare da matatar da aka yi musamman don haka a bakin gaba ba. Makanta ce nan take, kuma ba ta warkewa. Littafin da bai faɗi wannan da babbar murya ba, ajiye shi.

Littattafan binciken duniyoyi

Yanzu gida na biyu. Kafin ka karanta ko layi ɗaya, juya bayan shafin farko ka duba shekarar bugu. Sannan ka je fihirisa ka nemi Pluto. Idan an lissafa ta a matsayin duniya ta tara, littafin ya riga Agustan 2006, lokacin da ƙungiyar masana falaki ta duniya ta mai da ita ajin ƙananan duniyoyi. Idan hotonta ɗan dunƙulen haske ne dushi-dushi, ya riga 14 ga Yulin 2015, ranar da kumbon New Horizons ya wuce ta kusa da ita ya nuna duwatsun ƙanƙara da wani fili mai siffar zuciya. Pluto ita ce agogon da nake auna shekarun kowane littafi da shi.

Kowace duniya tana da irin wannan shekara da ta raba jiya da yau. Babin Zuhal da aka rubuta kafin 2004 bai san Cassini ba, kumbon da ya yi shekara 13 yana kewaya ta har 2017, bai san saukar na'urar Huygens a kan Titan, babban watan Zuhal, a Janairun 2005 ba, bai san ruwan da ke fesowa daga kudancin ƙaramin watan nan Enceladus ba. Babin Jupita kafin 2016 babu abin da kumbon Juno ya gano. Yawan watanni kuwa kada ka haddace shi daga kowane littafi: a Maris na 2025 kaɗai an ƙara wa Zuhal sabbi 128, jimilla ta kai 274. Amma Yuranus da Neftun, kumbo ɗaya ne tak ya taɓa ziyartarsu, Voyager 2, a 1986 da 1989, don haka tsohon littafi bai yi nisa da sabo ba a kansu. Zara ma haka, hotunan doron ƙasarta har yau na kumbunan Venera na Tarayyar Sobiyat ne, na 1975 da 1982, waɗanda suka sauka cikin zafin da ya kai digiri 460 da nauyin iska ninki 90 na namu.

Ban ce ka jefar da tsohon littafi ba. Ka san dai me kake karantawa. Mars ce ta koya min wannan. A 1877 wani masanin Italiya, Giovanni Schiaparelli, ya zana layuka a fuskarta. Percival Lowell a Amurka ya ɗauki layukan a matsayin magudanan ruwa da wasu halittu masu hankali suka haƙa, ya gina ɗakin kallon sama a Arizona a 1894, ya zana taswirori, ya rubuta littattafai, mutane da yawa suka yarda. Ba maƙaryaci ba ne. Ido ne ke haɗa ɗigo-ɗigon da bai gani sosai ba ya mai da su layi, musamman idan zuciya tana son ganin layin. A Yulin 1965 Mariner 4 ya wuce ya turo hotuna 21 da 'yan kai, babu magudana, sai ramuka. Mutane suka koma cewa Mars matacciya ce kamar wata. Sai Mariner 9 ya shiga kewaya ta a 1971, ya nuna dutsen Olympus Mons mai tsayin sama da kilomita 20, da kwazazzabon Valles Marineris mai tsawon kilomita 4,000, da busassun hanyoyin da ruwa ya taɓa bi. Viking ta sauka a 1976, Curiosity a 2012, Perseverance a Fabrairun 2021 a cikin ramin Jezero, inda tsohon tafki ya taɓa kwanciya. Sau uku ra'ayin masana yana juyawa a kan duniya ɗaya. Littafin da ya ba ka wannan labarin a jere, da kurakuransa, ya fi wanda ya jera maka lambobi sau goma, domin shi ne zai koya maka yadda aka san abin da aka sani. In na ga littafi yana cewa "an gano" ba tare da ya faɗi wace na'ura ce ta auna, kuma ta yaya ba, sai jikina ya yi sanyi da shi.

Duba kuma ko marubucin ya san cewa ba ƙasa ɗaya ce ke wannan aiki ba. Indiya ta kai kumbo Mars a 2014, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin sun kai nasu a 2021, Sin ta sauka a ɓangaren wata da ba ya fuskantar duniyarmu a Janairun 2019, Indiya ta sauka kusa da kudancinsa a Agustan 2023. Sabon littafin da ya tsallake waɗannan bai cika ba.

Sai hotuna. Karanta rubutun da ke ƙasan kowane hoto kamar yadda kake karanta babin. Wasu hotuna ne na gaske, wasu an ƙara musu launi da gangan don bambanci ya fito, wasu kuwa zanen mai zane ne kawai. Shuɗin nan mai duhu da aka san Neftun da shi shekaru da yawa, ƙarin launi ne da aka yi wa hotunan Voyager, kuma a 2024 masu bincike a Oxford suka nuna cewa ainihin launinta ya yi kusa da na Yuranus, shuɗi mai haske da ɗan kore. Duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, waɗanda aka fara gano irinsu kusa da tauraro mai kama da rana a 1995, yanzu sun haura 5,000, amma duk hoton da ka gani na ɗayansu da teku da duwatsu, zane ne. Littafi mai amana yana faɗa.

Haɗa gidajen biyu

Ga yadda nake yi yanzu. Ba na karanta littafin duniyoyi daga bango zuwa bango. Ina duba wace duniya ce ke sama a waɗannan watanni, sai in karanta babinta. Mars tana matsowa kusa da mu sau ɗaya a kowane wata 26, ta yi ja ta yi haske na 'yan makonni, lokacin ne nake ɗauko babinta. Idan Jupita ce, in karanta game da duwatsu masu aman wuta na Io da tekun da ake kyautata zaton yana ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, biyu daga cikin manyan watanninta huɗu, sannan in fita da madubi in ga ɗigon nan guda huɗu da idona. Karatun yana sa ɗigon ya zama wuri, ɗigon kuma yana sa karatun ya zauna.

Ka sami littafin rubutu mara layi. Kowane dare rubuta kwanan wata da awa da yanayin sama, ka zana abin da ka gani ko da ba ka iya zane ba. Gwajin da nake ba kowa shi ne na Galileo, masanin falakin nan na Italiya, wanda ya fara a ranar 7 ga Janairun 1610: da'ira ɗaya don Jupita, ɗigo don watanninta, dare bayan dare har mako biyu. Io tana kewayawa cikin ƙasa da kwana 2, Europa kwana 3 da rabi, Ganymede mako guda, Callisto kusan kwana 17. Wani dare za ka ga uku, ɗaya ta ɓuya a baya. In ka jera zanen a shafi ɗaya, da kanka za ka ga suna kewayawa, ba wanda ya faɗa maka. Shafukan ƙarshe kuma ka ware su don kalmomi. Yawancin littattafan nan da Ingilishi ko Larabci ko Faransanci suke, amma kalmomin fannin da ke maimaituwa ba su da yawa. Duk wadda ka ci karo da ita, rubuta ma'anarta da Hausarka yadda kai ka gane ta, cikin wata biyu za ka ga karatun ya saki.

Littattafan duniyoyin kuma kada ka ji nauyin yi musu rubutu. Babban littafin nan nawa na farko yana nan, gefen shafukansa cike da fensir. Na soke yawan watannin Zuhal sau uku. A gefen Pluto na manna hoton 2015. A shafin Europa na rubuta cewa kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024, ana sa ran isarsa Jupita a Afrilun 2030, na bar fili a ƙasa don abin da zai turo, in Allah ya kai mu.